Ƙusa Takwas a Katakon Baba

Ranar da aka rushe gidan Baba Danladi ba na gari. Sai da na je Ƙetaren Gwari gaisuwar wata rasuwa na tarar wurin ya zama jerin shaguna, ɗaya na sayar da waya, ɗaya na cajin waya, ɗaya na gyaran waya, kamar mutanen unguwar ba su da wata lalura a duniya sai waya. Na tsaya ina lalube da ido ko zan gane inda ƙofar falon take, sai wani ɗan acaɓa ya danna mini hon ya ce, "Baba, ka matsa mana." Wai yau ni ne Baba. Na matsa, amma raina ya sosu, don daidai inda shagon cajin nan yake, nan muka ƙarar da ƙuruciyarmu zaune a kan siminti, baki buɗe, muna kallon wani ɗan mutum mai jar hula yana gudu a kan katako.

Baba Danladi Gbagyi ne, ko da yake mu a lokacin Gwari muke cewa, shi ma bai damu ba. Ya gama aikin jirgin ƙasa ya zauna gida, katangarsa ɗaya da tamu. Shi ya tafi coci, mahaifina ya tafi masallaci, in sun dawo su haɗu a kan benci ɗaya su ɗora musu daga inda suka tsaya jiya. Ban taɓa ganin abokai masu son ƙure juna irinsu ba. Mahaifina kafinta ne, rumfarsa a ƙofar gida take, ni ne kuma babban ɗansa, don haka tun ban san damana da haguna ba na san samfefar goge katako. Safiyar wancan zamani da kunne ake gane ta. Jirgi ya yi jiniya daga tasha, guga ya fara bugun bakin rijiya, sai zarton Baba ya ɗauka, daga nan ba sauran barci a layinmu. In na dawo daga makaranta in ɗebo wa Inna ruwa, in share dusar katako, in zauna in miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, don Baba bai yarda ƙusa tana mutuwa ba. Yaran yanzu in ka ce su miƙe ƙusa, sai su tsaya suna kallonka kamar ka yi musu wani yare.

Baba yana da wata magana da duk unguwa ta haddace. In mutum ya zo da hoton kujera da ya yago daga kalanda, ko ya zo yana kwatance da hannu a iska, Baba ko kai ba ya ɗagawa, sai ya ce, "In dai itace ne, kawo." Ya yi gado mai madubi, ya yi akwatin rediyo, ya taɓa yi wa wani tsohon soja ƙafar katako har da yatsu biyar da farce. Ban taɓa jin ya ce bai iya ba. Wannan magana ita ce sunansa a gari, ya fi ji da ita fiye da zarto da guduma, kuma ita ce Baba Danladi ya yi shekara da shekaru yana neman inda zai kayar.

Wata Kirsimeti ɗan Baba Danladi da ke aiki a Ikko ya zo da wata na'ura ruwan toka, girmanta bai kai bulo ba. Aka jona ta a bayan talabijin ɗin falo, wanda shi kaɗai ne a layinmu. Tana da abin dannawa mai doguwar igiya, da kaset ɗaya tak mai kauri da ake cusa mata a baki. In ta ƙi kamawa sai a zare kaset ɗin a hura masa iska a mayar. Wanda ya koya mana wannan magani ban sani ba, amma duk mun yi imani da shi, har Baba Danladi kan karɓa ya hura da kansa, wai iskar tsofaffi ta fi ƙarfi. Bayan sabuwar shekara ɗan ya koma Ikko, ya bar na'urar, ya bar mu da jaraba.

Wasa ɗaya ne a ciki. Ɗan mutum ne mai jar hula, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, yana tsaye a kan katako mai taya huɗu. Maɓalli ɗaya yana sa shi ya tura ƙasa da ƙafa ya ƙara gudu, ɗayan yana sa shi tsalle, akwai kuma na karkata shi dama da hagu. Matakin farko titi ne cike da ramuka da ganguna, da wani kare da ke faɗowa ba sallama. Na biyu gangara ce mai lanƙwasa, agogo yana ƙirgawa a sama, in ya ƙare ba ka kai ga tuta ba shi ke nan. Na uku wani kwari ne kamar an raba ƙwarya biyu, ya hau wannan gefe ya sauko ya hau wancan, ya wulwula a sama, wasu alƙalai uku su ɗaga masa maki. Kiɗan kuwa tin-tirin-tin ne, ba ya canzawa, har yau wani lokaci ina cikin alwala sai in ji shi a kaina. In ɗan mutumin ya faɗi, taurari su zagaye kansa, ya tashi ya karkaɗe jiki kamar ba shi ba. Rai uku gare shi, in ukun suka ƙare a miƙa wa na gaba a layi. Haka muke cika falon, mai dannawa ɗaya, amma kowa yana karkata jikinsa, in ya zo rami duk mu ɗaga gindi tare. Ni ne gwanin layinmu, kuma don yabon kai na faɗa, tun da babu wanda ya rage da zai ƙaryata ni. Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare, gashin baki ya fara tsirowa, ina ganin duk Minna babu kamata.

Wata ranar Talata na ɗora gam a wuta na ce bari in leƙa falon in dawo. Da warin ƙonewa ya kai wa Baba, sai ga shi a bakin ƙofa da tsinken katako a hannu. Yara suka dare. Ni kuwa ina tsakiyar gangara, na kasa ajiyewa, na ce ko dukan ne bari in kai tuta tukuna. Na jira saukar katako a bayana ban ji ba. Da na saci kallo sai na ga Baba ya sauke hannu, ya ƙura wa talabijin ido.

Baba Danladi ya gyara zama, ya ce, "Kafinta, shigo ka zauna. Ka ga abin da yaro yana hawa? Itace ne fa."

Baba ya ce, "Na gani."

"To, kai kullum in dai itace ne, in dai itace ne. Wannan na Turawa ne, ya fi ƙarfinka."

"Katako ne da taya huɗu, Danladi. Ko wannan shashashan zai yi shi, in da yana zama a rumfa."

"A'a, ba gudu kawai ba. Duba da kyau. In yaro ya tashi, katako ma ya tashi. Naka zai tashi?"

"Zai tashi."

"A gaban mutane?"

"A gaban duk wanda ka ga dama. Ka ba ni zuwa Asabar."

Haka na tsira daga duka, ban san abin da ya fi duka ne yake jirana ba. Washegari Baba ya aike ni Sabon Gari wurin wani bakanike na karɓo boris huɗu na ƙarfe da za su zama tayoyi. Ya zaɓi guntun maɗaci mai kyau, ya fere shi, ya lanƙwasa masa baki, ya sa ni na goge shi har yana ɗaukar ido, ya shafa masa jan fenti don ya dace da hular ɗan mutumin. Ranar Alhamis muka gwada a tsakar gida. Gudu kam yana yi, da ƙara kamar injin niƙa. Amma da na daka tsalle sai na tashi ni kaɗai, katakon ya yi gaba abinsa ya je ya kifar wa Inna da tukunyar miya. Na sake, ya bi kaji. Na sake, na zauna daɓas a ƙasa. Baba yana tsaye da fensir a kunne yana kallo. Can sai muka ji murya ta saman katanga: "Kafinta, ina jin ƙara, amma ban ga tashi ba!"

A ranar na fara ganin damuwa a fuskar mahaifina saboda itace. Ko abincin rana bai ci ba. Da la'asar ya ɗauki tabaransa da awonsa ya ce in biyo shi falon. Akwai wani maɓalli da ke tsayar da wasan cak, shi ya sa ni in riƙa dannawa daidai lokacin da ɗan mutumin yake sama. Ya durƙusa gaban talabijin, hancinsa kusan yana taɓa gilashi, yana auna ƙafar da awo. Ƙafar kuwa ba ta wuce ɗigo huɗu ba, baƙaƙe, a kan wani jan layi. Na tsayar ya fi sau ashirin, kowane karo ɗigon nan suna manne da layin. Daga ƙarshe ya miƙe, ya cire tabarau, ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo.

Ya ce, "Na gano wayonsu. Takalmin a kafe yake da katakon."

Na ce, "Baba, ai yana sauke ƙafa ya tura ƙasa."

"Wannan a titi ne. A gangara ka taɓa ganin ya sauke?"

Gaskiya ne kuwa, a gangara ba ya saukewa. Baba ya ce to na gangara daban ne, shi ne mai tashi na ainihi, shi za mu yi. Duk wanda ke falon ya gyaɗa kai, har Baba Danladi, wanda ya yi shekaru yana aiki da injin jirgi. Babu wanda ya ga aibin maganar, ni kaina sai da na ji haushin da ban riga shi ganowa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya ɗauko takalman kambas ɗina na makaranta, ya jera su a kan katakon, ya buga wa kowanne ƙusa huɗu ta ciki, ya lanƙwasa bakinsu ta ƙasa yadda ko doki ba zai fizge ba. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, takalmin makarantarsa ne fa."

"Zan cire in an gama. Hudar ƙusa ba ta hana tafiya."

"Ni ba takalmin nake ji ba. Na cikin akwatin an ce rai uku gare shi. Nawa ɗaya ne."

Baba ya ce ta dai yi addu'a, aikinsa ba ya cin amana. Ni ma na sa baki na ce kada ta damu, gangarar nan na bi ta a talabijin ya fi sau ɗari. Ta dube ni, ta dube shi, ta ɗauki rariyarta.

Tun da ƙafa biyu a kafe suke, ba halin turawa, dole sai gangara. Akwai wata a bayan layinmu da aka shafa wa kwalta ba da daɗewa ba, ta sauka tiryan-tiryan har bakin babban titi inda tifa da manyan motoci ke wucewa. Ranar Asabar da la'asar sakaliya unguwa ta hallara. Baba Danladi ya sa aka kawo masa kujera. Na zura ƙafa a kambas, Baba ya durƙusa ya ɗaure igiyar da hannunsa, ƙulli biyu-biyu, irin wanda yake wa kayan da za a ɗora a mota. Samari biyu suka ɗauke ni ta hammata kamar buhu suka dasa ni a saman gangara. Na gyara tsayuwa irin ta ɗan mutumin, hannu ɗaya gaba ɗaya baya, na ce su saki.

Sai da suka saki tambayar ta zo mini: yaya ake tsayawa? Duk zamanmu a falon nan babu wanda ya taɓa ganin ɗan mutumin ya tsaya da kansa. Yana kaiwa tuta sai hoto ya canza, kiɗa ya tashi. Gangararmu ba ta da tuta.

Boris ya ɗauki kuka, awaki suka watse, iska ta cika mini riga. A tsakiyar gangarar akwai wani ɗan tudu inda aka binne bututun ruwa. Da na hango shi na daka tsalle, ba don gwaninta ba, tsoro ne ya ɗaga ni. Katakon ya biyo ni sama. Na ji ihu a bayana, "Ya tashi! Ya tashi!" Na dira a tsaye, gudun ya ƙaru, ga babban titi yana matsowa, ga wata tifa cike da yashi tana tafe. Na fizgi ƙafar dama, na fizgi ta hagu, amma aikin Baba ba ya cin amana. Na kira sunan Allah, na kira Inna. A gefen hanya daf da titi wata mata ta shanya alabo a kan tabarmi, ta jingine buhuna biyu a gefe. Ban yi shawara da kowa ba na jefa kaina can.

Da ƙura ta lafa ina kwance rigingine, fari fat tun daga gashi har gwiwa, ƙafafuna a sama, katakon yana kansu, tayoyin suna ta juyawa. Tifar ta wuce da hon ɗinta. Matar, wata dattijuwar Gbagyi, ta yi baya tana salati irin nasu, sannan ta matso da muciya a hannu.

"Kai! Mutum ne ko aljani? Ka kashe ni, alabo na duka ya tafi!" Sai idonta ya sauka a ƙafata. Ta sunkuya ta leƙa, ta taɓa bakin ƙusar da yatsa. "Wayyo, yaro! Wane mugu ne ya buga maka ƙafa a katako?"

"Ni ne, Mama."

Baba ne. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina yana gudu ba sai ranar. Ko ruwan sama ne ya kama shi a hanya, tafiyarsa yake ta ƙasaita. Ga shi nan ba hula, takalmi ɗaya, numfashi yana fita da ƙyar. Ya sake cewa, "Ni ne. Ni ne ubansa." Ya durƙusa cikin alabon zai kwance igiyar, ya kasa kwance ƙullin da shi ya ɗaura. Sai matar ce ta miƙo masa wuƙarta ya yanke. Ya shafa kaina, ya shafa ƙirjina, yana tambaya ina ne ke ciwo, ina ne ke ciwo. Idon sawuna ne ya gurɗe, sai fatar gwiwar hannu da ta saɓule. Ya juya ya goya ni, ƙato da ni mai gashin baki, ya kama hawan gangara.

A tsakiyar hanya muka haɗu da Baba Danladi yana saukowa da hular Baba a hannu.

"Kafinta, ya tashi! Gaskiya ya tashi, na gani da idona. Ka ci ni."

Baba ya ce, "Ni ban gani ba, Danladi. Titi nake kallo."

Mai ɗori ya ja ƙafar na yi ihun da ya fi na gangara. Inna ta yi kwana biyu tana ajiye wa Baba abinci ba ta ce masa sannu ba. Ya yi wa mai alabo sabon benci ya kai mata da kansa, ta karɓa ta ƙara masa da faɗa. Katakon kuwa ya cire masa tayoyi da takalmi, ya rage tsawonsa, ya yi masa ƙafa huɗu ya zama kujerar tsakar gida, ya ajiye wa Inna a bakin murhu. A kanta ta yi tuwo har ƙarshen rayuwarta. Na koma makaranta da kambas masu huda, in an yi ruwa safata ta jiƙe. Daga ranar kuma maganar Baba ta ƙaru da kalma biyu. In aka zo da hoto sai ya ce, "In dai itace ne, kawo in gani." Masu kawo aiki ba su lura ba. Ni da Inna mun lura, Baba Danladi ma ya lura, kuma duk son tsokanarsa bai taɓa tsokanarsa a kan wannan ba. Na'urar ta yi shekara biyu ta mutu, muka hura har muka gaji.

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Kujerar tana gidana a Barkin Sale, fentin ya koɗe. Da na dawo daga gaisuwar nan, raina ba daɗi, na tarar da jikata zaune a kanta da wayar uwarta, tana karkata jiki dama da hagu. Na leƙa. Wasan katako mai taya ne, su siketbod suke ce masa. Amma wannan mutum ne sosai, har inuwarsa ana gani, kai ne za ka zaɓa masa riga da takalmi da garin da zai yi gudu, kuma ba a ƙirga masa rai, ya faɗi sau dubu ya tashi. Yaran yanzu ko layi ba sa bi, kowa da tasa a hannu, ba mai ɗaga gindi don wani.

Na ce, "Ke, in ya yi tsalle ana iya tsayar da shi?"

Ta ce, "Tsoho, har a hankali ana iya maimaitawa. Ka gani."

Ta ja yatsa. Mutumin ya durƙusa, ya buga wutsiyar katakon da ƙafar baya, gaban ya ɗaga, ya goga ƙafar gaba a kai, katakon ya biyo shi sama. Har ya rabu da ƙafarsa ya juya a iska ya dawo. Ba ƙusa, ba gam, ba igiya. Shekara talatin da ɗoriya ina yawo a duniya, na yi aure na aurar, ban taɓa shakkar cewa takalmin a kafe yake ba.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga nan hawaye suka zo, kuma ba duka ne na dariya ba. Yarinyar ta tsorata ta ce, "Tsoho, mene ne?" Na ce ta tashi daga kujerar. Na nuna mata hudojin da ke kai, ta bi su da yatsa tana ƙirgawa har takwas, ta ce wa ya ɓata kujera haka. Na ce wani kafinta ne da ba a taɓa yin irinsa ba a garin nan.

Na karɓi wayar na sake kallo, na sake. Ba abin da nake so a lokacin kamar in tsallaka Ƙetaren Gwari in same shi a rumfa da fensir a kunne, in ce, Baba, ashe wutsiyar ake bugawa. Na san ba zai yi musu ba. Zai ajiye zarto, ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau, ya ce, "Kawo in gani."